Albasar da na ruɓar da hannuna a gonar gwajin sashenmu

Ranar Laraba da ta wuce muka yi zaman ƙarshen shekara a sashenmu na noman lambu da itatuwan marmari. Shugaban sashe ya karanta rahoto, aka yi ta tafi, kuma tafin ya dace. Ɗalibanmu na ajin ƙarshe sun fita lafiya, babu wanda ya maƙale. Gandun reno ya fitar da dashen mangwaro mai aure da gwaiba da kashu fiye da kowace shekara tun zuwana wurin nan, har makarantun sakandare suka turo a-kori-kura suka kwasa. An kafa famfon sola a rijiyar burtsatse ta gonar gwaji. Abokiyar aikinmu ta dawo da digirinta na uku. Matan unguwannin kewaye da aka koya wa shuka alayyafo da zogale cikin buhu a tsakar gida, wasunsu sun fara kaiwa kasuwa. Ina alfahari da duk wannan.

Sai aka zo kan layi ɗaya tak, wanda ya ce an gudanar da gwajin adana albasa kuma an samu darussa. Wannan layin nawa ne. Shafi guda na rubuta na miƙa, aka matse shi ya koma haka, wai rahoton nasarori ba wurin kuka ba ne. Ban yi musu a zauren ba, amma tun ranar abin yake cina, domin a jiha irin Kebbi, inda Aliero da Jega da Maiyama da Gwandu suke cika tireloli da albasa zuwa kudu da ƙetaren iyaka, babu abin da sashe irin namu ya kamata ya faɗa da babbar murya kamar yadda albasa take ruɓewa a ajiya. Kuma ni na ruɓar da tamu.

Shirin bai da wata wahala. Kowa ya san yadda farashi yake faɗuwa warwas a Maris da Afrilu lokacin da kowa ya cire, sannan ya haura sama daga ƙarshen damina zuwa Disamba. Wanda ya ga abin da ya faru a ƙarshen 2020, lokacin da albasa ta gagari masu miya a faɗin ƙasar nan, ba ya buƙatar bayani. Muka ce bari mu noma iri uku, jar albasar gida da 'yar Galmi ta Nijar da Red Creole, mu raba kowanne biyu, rabi a rudu, wato rumbun kara da zana irin na iyayenmu, rabi a wani ɗakin ajiya da muka gina mai shantuna da ramukan shan iska. Wata ɗaliba ta ɗauki wannan a matsayin bincikenta na kammala karatu, ni ne mai duba ta. Abin da ya tsira kuma za a sayar a Nuwamba, a saya wa gandun reno rumfar raga, don tsohuwar ta yayyage.

Reno a Oktoba, dashe bayan mako 6 zuwa 7, takin kamfa a farko, takin yuriya a kan kari, feshin ƙananan ƙwarin nan masu tsotse lawashi lokacin da hunturu ya fara ja baya. Duk ya tafi daidai, ba sai na tsaya a kai ba.

Matsalar ta faro ne daga takarda. A farkon Fabrairu aka sanar da mu cewa za a yi ranar baje kolin gona a tsakiyar Maris, manyan baƙi za su zo, za a gayyaci manoma. Na zagaya fangalai na duba, sai na ga kawunan ba su kai girman da nake so a gani ba. Ina so baƙo ya tsaya ya ɗaga albasa ɗaya ya jinjina kai. Sai na sa aka ƙara yuriya, alhali albasa ta riga ta yi nisa da ƙulla kai. Na san abin da littafi ya ce. Ni nake koyar da shi a aji uku. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, kuma idan ka ba albasa shi a makare, ganye take komawa yi, wuyanta ya yi kauri, ta ƙi nuna da wuri, kan ya cika da ruwa. Na sani, na kuma yi.

Akwai wani dattijo da ke aikin gonar tun kafin a ɗauke ni aiki, mutumin ƙauyen da ke bayan katangarmu ne, duk sashe Baba muke ce masa. Da ya ga buhun takin sai ya ce, "Malam, mi kaka nema ga taki yanzu? Ta riga ta ɗauki abin da za ta ɗauka." Na ce, "Baba, ɗan kaɗan ne, don baƙin nan." Bai ƙara magana ba.

Sai ruwa. A shekarun baya da muke sayen fetur, tsadarsa kaɗai takan sa a yanke ban-ruwa da wuri. Bana ga sola, rana tana fitowa ruwa yana zuba, babu wanda zai tambaye ka kuɗi. Ƙa'ida ita ce idan lawashi ya fara kwantawa, kamar rabin gona ya faɗi, ka ɗauke ruwa mako ɗaya zuwa biyu kafin cira, ƙasa ta bushe, wuya ya tsuke. Ni kuwa ina tsoron kada baƙi su tarar da gona ta yi ja, sai na bar ruwa yana gudu har kwana uku kafin bikin. Baba ya sake samuna a bakin famfo. "Malam, a yanke mata ruwa hakanan. Albasa in ta kwanta, ƙishirwa taka so." Na ce ya yi haƙuri, saura 'yan kwanaki.

Ranar baje koli ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Gona shar, kawuna manya suna sheƙi, aka ɗauki hotuna, aka yaba mana. Don a nuna wa baƙi yadda ɗakin ajiyar yake aiki, na sa ɗalibai suka cire wani ɓangare da safiyar ranar, suka yanke lawashi dab da kai yana ɗanye, aka jera a shantuna. Wani manomi daga cikin waɗanda aka gayyato ya ɗauki ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya dube ni ya ajiye. Bai ce komai ba. Har yau ina ganin yadda ya ajiye ta.

Sauran muka cire cikin makon. Jarrabawa ta matso, ɗalibai za su watse, sai shanyar da ya kamata ta ɗauki kwana 10 zuwa 14 a inuwa mai iska ta koma kwana uku. Shanyar nan ita ce ran ajiya. A cikinta wuya yake bushewa ya rufe kamar an ɗaure bakin jaka, ɓawon waje ya yi ƙaras. Wuya ɗanye kuwa ƙofa ce a buɗe, ta nan ƙwayoyin cuta suke gangarawa cikin kai. Mu mun kwashe tamu da ƙofar a hangame muka kai ɗaki, a bazarar da zafi yake wuce maki 40.

Afrilu ta wuce shiru, har na fara cewa a raina wataƙila mun tsira. Zafin bazara yana hana albasa tsiro, shi ya sa ido bai ga komai ba. Amma baƙin funfuna da ke kama ƙarƙashin ɓawo zafin nan yake so, jira kawai yake iska ta yi laima. Ruwan farko ya sauka, aka yi na biyu. Wata safiya a ƙarshen Mayu ɗalibar nan ta zo ofis da littafin awonta a hannu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah ka zo ka gani." Tun kafin mu isa ɗakin warin ya tare mu. Wanda ya taɓa shaƙar ruɓaɓɓiyar albasa ya san ba a kwatanta shi. Ka ɗauki kai ka ga lafiya lau daga waje, ka matsa wuya, ruwa mai yauƙi ya tsiyayo. Wasu kuma ka ɓare ɓawo ka tarar da baƙin gari kamar an barbaɗa gawayi.

Kwana biyu muka yi muna tsince. Fiye da rabi ya tafi rami a zagayen farko, kuma duk sati sai an ƙara fitar da wasu. Rudu da sabon ɗaki duk ɗaya. Albasar gida da Red Creole duk ɗaya. Ita kanta 'yar Galmi, wadda aka san ta da jure ajiya, ba ta kuɓuta ba. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin binciken yarinyar nan ya dogara ne a kan bambanci tsakanin iri da iri, da tsakanin rudu da ɗaki, ni kuwa na shafe bambancin tun daga gona da buhun taki ɗaya da ruwan mako biyu. Wata da watanni tana auna tsawon ganye a rana, tana zuwa daga gari a kan acaba da kuɗin da mahaifinta yake haɗa mata. Ta zauna a kan dutse bakin ɗakin tana kuka a hankali. Ban sami abin da zan ce mata ba sai, "Laifina ne, ba naki ba." Na maimaita mata hakan a gaban shugaban sashe, don kada a sa mata a maki.

Abin da ya cece ta bai fito daga wurina ba. A ƙarshen gonar akwai fangalai huɗu da ruwa yake isa a wahalce. Ashe tun ranar da muka yi magana a bakin famfo Baba ya toshe hanyar ruwansu da ƙasa, kuma ranar taki ya tsallake su. Da aka zo cira ya bar su sai da lawashi ya kwanta sosai, ya cire, ya jera su layi-layi ganyen wannan yana rufe kan wancan don kada rana ta ƙona su, sannan ya kwashe zuwa ƙarƙashin darbejiya ya baza a kan kara har kusan mako biyu. Ya yanke lawashi bayan ya bushe, ya bar ɗan wuya kamar faɗin yatsa biyu. Masu kaurin wuya da tagwaye da waɗanda suka yi fure ya ware su gefe ya ce a cinye. Ragowar ya sa a wani ƙaramin rudu bayan ɗakin kayan aiki. Da ya kai ni ya ɗaga zana, kawunan ƙanana ne, ba irin na hoto ba, amma ƙwarara kamar dutse, ɓawo yana ƙara a hannu. Ya ce, "Waccan ta kasuwa ta, Malam. Wagga ita ta ta ajiya."

Fangalan huɗun nan suna cikin waɗanda ɗalibar take aunawa tun farko, saboda haka tana da tarihinsu a littafi. Muka je wurin kwamitin bincike, na faɗi abin da na yi ba tare da ragi ba, muka nemi izinin juya tambayar ta koma kan abin da yanke ruwa da shanya suke yi wa daɗewar albasa. Aka amince, da sharaɗin ta rubuta a fili cewa ba haka aka tsara gwajin ba, kuma fangali huɗu ba su isa a yanke hukunci da su ba. Ta ci gaba da awo duk mako biyu har Oktoba. An yi asara a ciki, domin albasa tana ramewa a ajiya ko ta wane hali, wasu kuma sun tsiro da damina ta yi nisa, amma mafi yawa sun kai. Ta kare aikinta, mai jarrabawa daga waje ya daɗe a kan babin fiye da kowanne. Na ji sanyi a raina, ko da yake na san ba wannan binciken ta zo yi ba.

Ga wanda ke riƙe da gonar gwaji a wata makaranta, ko manomin da ke shirin ajiya bana, abin da zan ce kaɗan ne. Tun ranar dashe ka yanke wa kanka ko wannan albasar ta sayarwa ce nan take ko ta ajiya, don renonsu ba ɗaya ba ne daga lokacin da kai ya fara ƙulluwa. Ta ajiya a gama ba ta yuriya da wuri. Kada kyawun ɗaki ya ruɗe ka. Mun kashe kuɗi a kan shantuna da ramukan iska, ana ta maganar laimar da ta dace, wajen kashi 65 zuwa 70, amma ɗaki ba ya warkar da albasar da ta shigo da ciwonta. Idan kuma aka sa ranar biki da ba ta dace da nunar amfanin gona ba, ka ware fangali biyu na nuni, ka yi musu duk kwalliyar da kake so, ka bar na gwaji su bi lokacinsu. Da na yi wannan kaɗai, da ba na rubuta wannan. Wanda ya samu famfon sola kuma ya sa wa kansa ranar rufe shi, domin ruwan da ba a biya ba shi ya fi wuyar yankewa.

Rumfar raga ba a saya ba. Dashen mangwaron da aka yaba a rahoto yana nan ƙarƙashin tsohuwar, mun lulluɓa zana a wuraren da ta yage. Makon jiya na bi ta kasuwar Jega na tambayi kuɗin buhu, dillali ya faɗa mini, na tsaya ina lissafin abin da muka binne a rami bayan gona, sai na kasa ƙarasawa na koma mota.

Na roƙi shugaban sashe a sa sunan Baba cikin waɗanda za a karrama bana, aka ce tsarin bai tanadi ma'aikatan wucin gadi ba. Zan sake kai maganar a zaman tsangaya na Janairu. Shafin da aka matse kuma na buga shi da kuɗina, zan raba wa 'yan aji uku a darasin farko.

Albasar bana tana ƙasa, mako uku ke nan da dashe. Makullin famfo yana hannun Baba, kuma na gaya wa ɗaliban da za su yi awo cewa ranar da ya ce a yanke ruwa, ko ni na zo na ce a buɗe, kada su buɗe.