Lamba ɗaya wuri goma sha ɗaya

Satin da ya wuce wani Alhaji mai gidan fiya wata can wajen Arkilla ya kira ni, wai injin ɗaura leda ya rikice tunda sunka canja tsawon leda, wata ta fito daidai wata ta fito guntuwa, ruwa na ta zuba ƙasa. Motar da ka jan ledar sitefa ce, wato motar lantarki mai juyawa taku-taku, sunanta MDrive, irin wadda direba (na'urar da ka ba ta wuta) da ƙwaƙwalwa duk suna manne bayanta, kuma yaren da ake ba ta umarni shi ne MCode.

Da na jona laftof na jawo furogiram ɗin, nan take na ga inda matsalar take. Wanda ya rubuta shi tun farko ya sa lambar tsawon leda tsirara bayan kowane MR, wato umarnin matsa gaba taku kaza, har wuri goma sha ɗaya, da anka zo canjawa anka gyara tara anka manta biyu. Alhaji yana ta cewa "Malam, ko motar ce ta ƙone mu sayo wata?" Nace a'a Alhaji, lafiyarta lau, abinda anka ce mata shi take yi.

Gyaran ba wani abu ba ne, bariyabul ne, kamar gwangwani ne mai suna da ka ajiye lamba ciki. Ka rubuta VA L1=150 sau ɗaya can sama, wato gwangwani mai suna L1 ya riƙe tsawon leda milimita 150, duk inda ake son tsawon leda sai a kira L1, gobe in Alhaji ya sake leda layi ɗaya za'a taɓa. Sannan jan leda, tsayawa, manna wuta, yanka, abu ɗaya ne da ake ta maimaitawa, sai na tara su ƙarƙashin suna guda da LB, na rufe da RT, duk mai so ya kira da CL. Shi ne fankshin ɗinmu a wannan yare, sai dai ba'a miƙa mai lamba cikin baka yadda ake yi a C ko Python, kai zaka zuba lambar cikin bariyabul kafin ka kira shi.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafi, kuma nan nake son yaran da ke koyo su buɗe kunne. Motar taku 200 take a zagaye ɗaya, kowane taku an raba shi 256, ya zama 51200. Rolar da ke jan ledar kewayenta milimita 157, da waɗannan lambobi ake maida tsawon leda zuwa takun da MR ke so. To gwangwanin nan cikakkar lamba kawai yake riƙewa, baya ajiye ɗigo, in ka fara raba 51200 da 157 zai baka 326 ya zubar da sauran, ka ninka da 150 ka samu 48900. Amma in ka ninka tukuna sannan ka raba, 48917 zaka samu. Taku 17 ne tsakani, ido ma baya gani, amma injin nan ba shi da firikwensin da ke duba alamar leda, don haka bayan leda 1000 tambarin kamfani ya goce kusan santimita 5, wuƙa ta fara cin rubutu. Wallahi wannan abu yana damuna don nasan mutane da yawa bel da biyarin suke ta canjawa a kanshi.

Na kuma sa H bayan kowane MR don furogiram ya jira mota ta gama tafiya kafin wuƙa ta sauko. Muna gamawa na buga S ya ajiye komai, don in anka ɗauke wuta baka ajiye ba duk aikin ya tafi. Na sa yaron Alhaji ya kashe injin ya kunna da hannunshi, L1 na nan 150, na nuna mai layin da zai taɓa, ya rubuta da alƙalamin maka jikin akwatin.