Yau manaja ya buɗe mana littafi

Talata da daddare. Yanzu na dawo daga Sharaɗa, unguwar masana'antu ta Kano, ko wanka ban yi ba amma bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

Tun ranar Asabar raɗe-raɗi ke yawo a kamfaninmu na fiya wata wai za a rage ma'aikata, wani ya ce mutum biyar, wani ya ce shiftar dare za a soke gaba ɗaya, kuma an san yadda magana take a wajen aiki, kafin ta tashi daga ɗakin inji ta isa wajen lodi ta yi 'ya'ya har da jikoki. Ni kaina jiya ban runtsa da kirki ba, lissafin haya da kuɗin makarantar yara kawai nake.

Muna idar da azahar sabon manajanmu ya sa aka kashe inji, ya ce kowa ya zo ƙarƙashin rumfa har da direbobi da Baba mai gadi. Bai tsaya a kanmu ba, benci ya jawo ya zauna, littafin lissafi a cinyarsa. Bai yi ta kewaye-kewaye ba, kalmarsa ta farko: albashin watan nan zai makara da kwana goma, kuma ba wanda za a kora. Wallahi sai da na ji numfashin mutane ya sauka. Sannan ya shiga dalili, da Hausa tsantsa, yana juya shafi yana nuna mana da biro. Kuɗin wuta tun da aka mayar da 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wa wuta, naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, man motocin rabo tun cire tallafi a Mayun 2023, ga leda da kullum farashinta sama yake yi. Shiftar dare za ta koma kwana uku a sati.

Da ya ce akwai tambaya, tsit. Mun saba tambaya tana jawo wa mutum baƙin jini. Sai ya juya ya ce, "Baba, kai ne babbanmu a nan, me idonka ke gani?" Baba ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ke buɗe get, motar yamma kullum rabin lodi take fita." Shekara nawa Baba yana ganin wannan, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Manaja ya rubuta a take, a gabanmu.

Wani yaro cikin masu fakin ruwa ya samu ƙarfin gwiwa ya tambayi batun mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Na ɗauka za a daka masa tsawa. Manaja ya ce gaskiya dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuma ba mu kai ba, kuma shi ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, amma zai kai wa mai kamfani, Juma'a zai dawo da amsa ko da a'a ce. Ƙarshe ya sa yaron ya maimaita abin da ya fahimta, don kar a fita da labari iri biyu.

Na tuna manajan da ya gabace shi, ƙarfe sha ɗaya na dare zai jefo saƙo da Turanci a guruf ɗin WhatsApp, ya kulle guruf ɗin shi kaɗai ke magana, rabinmu sai da safe a nemi mai fassara, kowa ya fassara yadda ransa ya so. Har yau abin na min ciwo.

Kwana goman nan fa za su yi min nauyi, ba wasa. Amma bayan la'asar na kira mai gidan haya na ce, "Alhaji, a yi min haƙuri zuwa goma ga wata," kuma na faɗa da ƙarfin zuciya don na san ranar. Ya ce ba komai, Allah ya hore. Gobe shiftar safe nake, kuma ni aka ba wa aikin ƙirga lodin motar yamma.