Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Kayan ɗakina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka sa rana, to bari in ɗora, amma sai na ɗan koma baya domin ba za ku gane maganar kayan ɗakina ba sai kun san abin da ya samu Baba.

Duk wanda ya san Jos a da ya san kasuwar Terminus, har daga Bauchi da Gombe ake zuwa sari, shagon Baba na atamfa da shadda a ciki yake. Rikicin Satumban 2001 ya zo ya wuce, ba mu gama dawowa hayyacinmu ba sai ga gobara a Fabrairun 2002, kasuwa ta ƙone ƙurmus, yau sama da shekara 20 ana ta alƙawarin sake gina ta. Ranar Baba ya dawo gida da makullan shago a hannu, makullai kawai, ya rataye su a ƙusar da ya saba ya ce Inna ta ba shi kunu. Yawancin kayan kuwa na mutane ne, bashi ya ɗauko daga Kantin Kwari. Kawu ya yi ta cewa Yaya ka jinkirta, ai kowa ya san ƙaddara ce, Baba ya ƙi, ya sayar da filinsa na Rikkos ya je Kano ya biya kowa. Daga nan ya koma kasa yadi a tebur bakin titi.

A cikin wannan hali bikina ya taso. Goggo ta tayar da hankali wai sai an ranto kuɗi an yi mini jere na gani na faɗa tunda dangin ango 'yan Abuja ne, kar a raina mu. Baba ya ce mata, wanda ya ci bashi don a gan shi, mai bashi ne zai fara ganinsa. Shi ke nan. Gado da kujeru a kasuwar Katako ta Jos aka haɗa, tukwane da kwanukan samira rabi na Inna ne ta goge su da toka har suna ɗaukar ido.

Ranar ganin ɗaki yayar mijina ta shigo tana karkaɗa mukullin mota, ta kalli gabas ta kalli yamma ta ce, wannan ɗakin amarya ne ko na mai takaba? A gaban Inna fa. Wallahi har gobe in na tuna sai na ji maƙogwarona ya bushe. Inna ba ta tanka ba, ta miƙa mata alkaki.

Ita dai wannan baiwar Allah (ba zan kama suna ba, dangi na karantawa) bayan mun koma Kubwa ne na ga yadda rayuwarsu take. Ba bikin da za a yi ba ta fitar da anko ba, leshi yau, gezna gobe, waya sai wadda ake yayi, kwasar adashinta duk a jiki take ƙarewa, gidan kuma haya ne, kun san hayar Abuja kuɗin shekara ake biya a dunƙule. Da aka cire tallafin mai a 2023 motar nan ta koma ƙarƙashin tamfol, masu leshi suka fara sallama tun da safe. Mai bashi ne zai fara ganinsa, in ji Baba. Ni ta zo wa neman rance, a kan kujerun Katakon nan ta zauna, yadi kawai na sake musu. Na ba ta, kuma ban ce mata komai ba, amma ƙarya nake in na ce ban ji daɗi ba.

Baba bai sake mallakar shago ba har ya koma ga Allah. Amma ranar jana'izarsa layinmu bai ɗauki mutane ba, har 'yan Kwari suka taso daga Kano, wani dattijo ya riƙe hannun ƙanena yana kuka yana cewa Baba ne ya koya masa awon yadi. Yayar mijina kuwa ta waya ta yi mana gaisuwa, wai tana da biki a Maitama.

Na yi nisa. Sati mai zuwa insha Allahu zan ba ku labarin lefe, da yadda akwati ɗaya ya yi ɓatan dabo tsakanin gidansu da namu.