Albashi Yana Bin Ƙofar da Aka Shigo

A lokacin da nake haɗa takardar albashi a wata masana'antar robobi da ke Sharada a Kano ne na gane cewa kasuwar ƙwadago a ƙasar nan kashi-kashi ce, kowane kashi da farashinsa. Za ka ga mutum biyu a kan inji ɗaya, zafi ɗaya suke sha, warin narkakkiyar roba ɗaya suke shaƙa. Na farko ma'aikacin dindindin ne, yana da takardar ɗauka, ana tara masa fansho, ƙungiyar ƙwadago na bayansa. Na biyun kuwa ɗan kwangila ne ya kawo shi, kullum-kullum ake sallamarsa, ran da zazzaɓi ya kwantar da shi ko sisi babu. Sau tari ma shi ya fi sanin injin.

Dalilin yana bakin ƙofar masana'antar. Da an gama girbi 'yan ci-rani kan cika wurin tun asuba. Duk leburan da ya nemi ƙari, amsar da yake ji ita ce, "In ba ka so, ga wasu can a waje." Arthur Lewis, masanin tattalin arziki ɗan tsibirin Saint Lucia, ya bayyana wannan tun 1954: muddin ƙauye na turo hannaye masu yawa, masana'anta za ta iya bunƙasa ba tare da ladan lebura ya motsa ba.

Doka ma ba kowa take rufewa ba. A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya sarrafa. Alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba a ɓangaren da ke da rajista suke ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai digirin da ke koyarwa a makarantar kuɗi. Yana karɓar abin da bai kai kuɗin motarsa da abincinsa ba, yana cewa, "Kafin Allah Ya kawo na gwamnati." Mai makarantar ya san jira yake yi, ya kuma san akwai takardun neman aiki jibge a durowarsa, don haka maganar ƙari ba ta ma tasowa.