Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sabuwar Tukunyar Néni

A makon jiya na ba ku labarin yadda na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya a gidan wata dattijuwa a gefen birnin Debrecen, can gabashin ƙasar Hangari. Yau maganar girki za mu yi, domin a kicin ɗin matar nan na fara jin ƙasar ta karɓe ni.

Néni nake kiranta, kamar yadda yaran ƙasar ke kiran kowace babbar mace. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tilo tana aure a Jamus. Duk Lahadi sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kwano a hannu, ni kuma in yi godiya in ce na ƙoshi. Abin yana damuna ƙwarai, don a gidanmu ba a mayar da hannun babba. To amma mutanen Hangari da kitsen alade suke soya albasarsu, kusan duk wani girkin gargajiya da shi yake farawa, naman kuma ban san yankansa ba.

Wata rana ta zaunar da ni, ta ce, "'Yata, faɗa min gaskiya, girkina ne ba ki so?" Da ɗan yarensu da na tsinta, da taimakon waya, na yi mata bayanin abin da addinina ya hana ni. Ta yi shiru tana kallona. Can sai ta ce in nemo naman da ya halatta gare ni, ranar Asabar za ta koya min guyash, wanda duniya ta sani da gulash. Da Asabar ta zo, sai na tarar ta sayo sabuwar tukunya da sabon cokalin katako, ko takardar kanti ba ta cire ba. Ta ce alade bai taɓa shiga cikinsu ba, kuma ba zai shiga ba muddin ina gidan. Wallahi har yau idan na tuna sai idona ya ciko.

Na sayo kilo 1 na naman ƙwaurin sa a shagon wani Balarabe, mai jijiya sosai, tare da ɗan kitse. Ta juya naman ta yaba. Ta ce wanda ya kawo tsoka zalla bai san abincin ba, jijiyar nan ce take narkewa ta ba romon jiki. Ta yayyanka kitsen ƙanana ta narka shi a wuta kaɗan, ta zuba manyan albasa 3 da muka yanka sala-sala har suka kusa zama gari. Ba a barin albasar ta yi ja. Juyawa ake yi a hankali har ta yi laushi tana sheƙi, kuma ita ce ke kaurara romon, ba a zuba fulawa ko kaɗan.

Muna tsaye kan albasar take ba ni labarin kakanta, wanda makiyayi ne a Hortobágy, wani shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ke yamma da Debrecen, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Sunan makiyayan shanun ne ya zama sunan abincin. A daji suke dafa shi cikin wata tukunyar ƙarfe da suke kira bogrács, a rataye kan wutar itace. Daga baya na je filin da kaina, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Na ga shanunsu masu launin toka da dogayen ƙaho, sai na ji kamar garken Fulani na hango a hanyar ƙauyenmu.

Da albasa ta yi, sai Néni ta sauke tukunyar daga wuta gaba ɗaya. Nan ne zuciyar girkin, kuma nan ta fi tsananta min. Ta zuba babban cokali 3 na paprika, wato jan garin tattasai marar yaji, ta juya da sauri cikin kitsen mai zafi. Nan take kicin ya ɗauki wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, man ya koma ja wur. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki kuskura ki zuba shi a kan wuta." Akwai sukari a cikin garin, da ya ƙone sai ɗaci, kuma babu abin da zai gyara tukunyar bayan nan. Shi ya sa nama da ɗan ruwa suke bin bayansa ba tare da jinkiri ba.

Ba ta sayen kowane gari. Nata daga birnin Kalocsa ake kawo mata, ko da yake mutanen birnin Szeged ma suna cewa nasu ya fi. Tattasan ba ɗan asalin ƙasar ba ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, ya shigo musu a zamanin Turkawan Daular Usmaniyya, waɗanda suka riƙe birnin Buda (wani ɓangare na Budapest, babban birnin ƙasar a yau) daga 1541 zuwa 1686, kuma talakawa ne suka fara rungumarsa kafin ya hau teburin masu hali. Da ta ji likitanci nake karantawa, sai ta tambaye ni ko na san Albert Szent-Györgyi, malamin jami'ar Szeged da ya tatso bitamin C daga tattasan nan ya kuma samu kyautar Nobel a 1937. Na ce mun karanta shi. Ta yi murmushin alfahari kamar ɗan ɗakinsu ne.

Muka ƙara tafarnuwa, gishiri, tumatir guda, koren tattasai, da wasu ƙananan 'ya'yan ƙamshi da suke kira kömény. Aka rufe, aka rage wuta. Wajen awa 2 naman yana dahuwa a hankali, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Da ya kusa laushi muka sa karas da saiwar faski, can daga baya dankalin turawa, sannan ruwa ya rufe komai. Abin da ake kai wa mutane a wasu ƙasashe da sunan gulash, mai kauri a kan shinkafa ko taliya, su a wurinsu pörkölt ne. Guyash na gaske romo ne, da cokali ake shansa, da burodi a gefe.

Aikin ƙarshe ta bar min: ƙwai ɗaya, fulawa da gishiri, a murza ya yi tauri, a riƙa tsunkule shi da yatsu ana jefawa cikin romon. Csipetke sunansa. Da sun taso sama, an gama.

Muka zauna mu biyu. Na yi bismilla, ita ma ta yi addu'arta. Naman yana rabuwa da kansa, romon ja mai ɗumama ƙirji a sanyin nan na Nuwamba. Ta lura harshena yana neman yaji, sai ta miƙo min kwalbar Erős Pista, niƙaƙƙen barkonon da ba a rasa shi a teburinsu. Da daddare na kira Umma na ba ta labarin tukunyar. Ta ce, "Ki riƙe matar nan da amana, ki gaishe min da ita, Allah ya saka mata da alheri." Daga ranar, duk Asabar ni ke sayo nama, Néni na tsaye a kaina har na iya sauke tukunya a lokacin da ya dace ba sai ta yi magana ba.

Muna cikin wannan zama mai daɗi, dab da jarrabawar watan Janairu, 'yarta ta bugo waya daga Jamus. Na fito daga ɗaki na sami Néni zaune a kicin tana kuka, ta ce min ana so a sayar da gidan. Yadda muka yi da wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.