Katin rigakafin karen Madam

Talata, Agege

Ko karyawa ban yi ba aka kira ni: kare ya ciji ɗan yayana a wani gida a Ogba, inda yake kai ruwa a kura. Na same shi zaune a bakin kwata, wando a yage, shatin haƙora huɗu a sharaɓarsa. Har wani ya ɗebo toka zai shafa masa, na hana. Muka buɗe jarka biyu cikin ruwan da ya kawo sayarwa, muka yi ta wanke ciwon da sabulu har minti 15 ta cika.

Matar gidan ta fito tana nuna mana allon da ke jikin get, wai ai an rubuta a yi hattara da kare. Yaron ya dube ni ya ce, "Wallahi Baffa, ni na ɗauka sunan mai gidan ne." Da Turanci aka rubuta. Kuma su suka buɗe masa ƙofar, ba tsallake katanga ya yi ba.

Ni ba faɗa ya kawo ni ba, katin rigakafin karen na nema. Da ƙyar aka lalubo shi, hatimin ƙarshe ya shekara uku. Ƙaton kare ne, irin wanda ake kira boerboel, kamar ɗan maraƙi, ana saya masa abinci buhu-buhu, allurar shekara ce ta gagara.

A asibiti an yi wa yaron allurar tetanus da ta farko ta ciwon haukan kare, zai koma rana ta 3 da ta 7. Nas ta ce a sa wa karen ido kwana 10, domin cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Dokar karnuka ta ƙasar nan tun 1943 take, zamanin Turawa. Su Ingilar sun yi sabuwa a 1991, sun hana ajiye karnuka irin su pit bull, mai karen da ya yi ɓarna kuma yana iya shan ɗauri. Mu nan sai da shugaban 'yan garuwa ya ambaci ofishin 'yan sanda kafin Madam ta yarda da biyan kuɗin allurai. Na kwanakin da zai yi a zaune ba aiki kuwa, ta ce sai Oga ya dawo.

Kurar na can bakin get ɗin har yanzu da sauran jarkoki. Na tambayi yara uku, babu mai zuwa ɗaukowa.