Godiya ga waɗanda suka tsaya min daren Alhamis

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar na nuna wa kwamitin makarantun Islamiyya uku na unguwarmu, nan Tudun Wadan Zariya, manhajar duba sakamakon ɗalibai da na shafe wata huɗu ina haɗawa, kuma sun karɓa. Amma da ka gan ni daren Alhamis, da ka tausaya min.

Manhajar guda ɗaya ce, sai dai tana gane makarantar da ake nema ne ta sunan da aka rubuta a saman burauza. Ba mu sayi suna a intanet ba tukuna, don dattawan kwamiti sun ce sai sun gani da idonsu kafin su fitar da kuɗi, kuma suna da gaskiya. Ke nan dole kwamfutata ta amsa sunaye uku ita kaɗai, babu data babu komai. Kwana biyu ina fama. Na sauke XAMPP, manhajar da ke ba mutum damar gudanar da shafin intanet a kan kwamfutarsa, na sake ɗorawa har sau uku, kullum amsar ɗaya ce: ba a samu shafin ba.

Bayan sallar isha'i na kira wani yayana a wannan sana'a. Bai ce in bari sai gobe ba. Ya hau mashin tun daga Samaru, ya ratso Kwangila da PZ cikin sanyin nan, ya iso ƙarfe goma saura. Abin da ba zan manta ba shi ne, ko taɓa kwamfutar bai yi ba. Ya zauna kan tabarma ya ce, "Ƙanena, kai za ka yi da hannunka. Buɗe min fayil ɗin hosts."

Nan take ya gano kuskuren farko. A Windows, fayil ɗin yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc, kuma ba ya karɓar gyara sai an buɗe Notepad da izinin mai kula da kwamfuta. Ni da ya ƙi ajiyuwa, sai na ajiye shi a wani wuri da sunan hosts.txt, alhali Windows ko kallon wannan ba ta yi. Ya sa na rubuta layi uku, kowanne ya fara da 127.0.0.1, sai tazara, sai sunan makaranta. Ya ce wannan lambar ma'anarta "ni kaina", kuma kwamfuta tana leƙa wannan fayil ne kafin ta fita tambayar DNS, tsarin da ke juya suna zuwa lamba. Kowane suna sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro, fayil ɗin bai san alamar tauraro (*) mai tsayawa a madadin sunaye da yawa ba.

Muka gwada, sai ga wani jan gargaɗi na tsaro da babu hanyar tsallake shi. Gabana ya faɗi. Shi kuwa ya duba sunayen ya ce, "Wa ya ce ka ƙare su da .dev?" Wani tsohon bidiyo na bi. Ashe .dev mallakar Google ce, kuma tun Disambar 2017 Chrome ke tilasta wa duk sunan da ya ƙare da ita bin HTTPS, hanyar buɗe shafi mai tsaro, wadda ban tanadar wa manhajata ba. Ya ce in koma .test, wadda aka keɓe tun 1999 domin gwaji, ba a sayar wa kowa ita. Ya kuma hana ni .local, don na'urorin Apple na amfani da ita wajen gano juna. Na gyara sunayen a hosts da httpd-vhosts.conf, fayil ɗin da ke haɗa kowane suna da shafinsa, na buga ipconfig /flushdns don kwamfutar ta manta da tsofaffin sunayen, na kashe Apache, manhajar cikin XAMPP mai miƙa shafuka, na kunna. Da tambarin makarantar farko ya bayyana, wallahi hannuna rawa yake yi.

Muna shan shayi ya ba ni labarin cewa wannan fayil ya girmi DNS. Zamanin ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet, wata cibiyar bincike a Kalifoniya ce ke riƙe da jerin sunayen kwamfutoci gaba ɗaya a fayil guda, kowa ya kwafa, har aka ƙirƙiro DNS a 1983. Yaya, kuɗin mai ma ka ƙi karɓa. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a.

Ina godiya ga maƙwabcinmu mai shagon cajin waya, wanda ya bar janaretansa a kunne har ƙarfe ɗaya na dare, ya jawo min waya ta saman katanga. Mama, ke kika tashi kika dafa shayin nan alhali ba ki da lafiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Dattawan kwamiti, na gode da haƙurin da kuka yi da ni.

Duk ɗalibin da wannan matsala ta tare shi a Zariya, ya turo min saƙo. Bayan la'asar ina gida, ya zo da kwamfutarsa mu zauna.